Maharazu Mai Raƙuma na Woolwich

Kawuna Maharazu, wan mahaifiyata, ya yi shekara arba'in da 'yan kai a Ingila, kuma mafi yawansu a gindin raƙuma ya yi su. A gida Maigatari ba wanda ya san haka sosai. Abin da aka sani shi ne yana London yana aiki da masu shirya fim, har wasu suka ɗauka kyamara yake riƙewa. Ni ma haka na ɗauka, sai a shekarar 2012 da na zo karatu na sauka a wurinsu, a hawa na uku na wani dogon ginin council, wato gidajen hayar ƙaramar hukuma, a unguwar Woolwich. A nan na ji labarinsa, wani daga bakinsa, wani daga bakin matarsa Anti Luba, wani kuma daga 'ya'yansu biyu, Fa'iz da Na'ima. Ba koyaushe bakinsu yake zuwa ɗaya ba.

Kakanmu dillalin raƙuma ne a kasuwar Maigatari, saboda haka Kawu da akala a hannu ya tashi. Da ya zama saurayi ya tafi Kano neman aiki, ya samu zama kuku a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati. A 1976 aka tura maigidan nasa London, ya taho da shi.

Kawu ya ce bai taɓa sanin kaɗaici ba sai a shekararsa ta farko. Daga kicin sai ɗan ɗakinsa na ƙasa. Ba ya ganin dabba sai tattabaru da karnukan Turawa. Wata Asabar maigidan ya ce ya raka yaran gidan kallon circus, wato masu wasa da dabbobi da tsalle-tsalle da ke kafa ƙaton tanti a fili, su yi 'yan makonni su tashi. Suna cikin layin shiga sai iska ta kwaso wani wari ta kawo masa.

"Saudatu," ya ce mini, "wallahi ƙafafuna ne suka tafi da kansu. Na ja yaran nan muka zaga bayan tanti. Sai ga raƙuma. Na ce, ikon Allah, wane irin kaya aka ɗora wa bayin Allah nan? Ashe tozo ne, guda biyu-biyu. Ga gashi kamar an yafa musu bargo. Amma warin nasu, da tuƙarsu, da yadda suke kallon mutum sheƙeƙe, sak na kasuwarmu."

Ya ce yana tsaye hawaye na zuba, yara na jan hannun rigarsa wai za a fara wasa.

Daga ranar, duk lokacin da ya samu sarari can yake zuwa. Ba wanda ya sa shi, zai ɗauki shebur ya kwashe kashi, ya taje musu gashi. Mai wasan, wani dattijo Mista Hollis, ya lura da shi. Da aka kira maigidan Kawu gida, sai Kawu ya ce shi zai tsaya. Maigidan ya yi faɗa, ya ce me zai gaya wa iyayensa, daga baya ya haƙura ya sa masa albarka. Mista Hollis ne ya yi masa ɗawainiyar takardun zama.

Aikin ba hutu. Daga farkon bazarar Turawa har gab da shigowar sanyi suna hanya, daga wannan gari zuwa wancan. A loda dabbobi a mota, a sauke, a kafa musu rumfa, a nemo ruwa da ingirici. Kwanansa a wani ɗan ɗaki mai taya da mota ke ja. Idan lokacin wasa ya yi, sai a naɗa masa rawani mai ƙyalli da dutsen ƙarya a goshi, a ba shi jan wando buje, ya jawo raƙuma cikin fili mai shela na kiransa Yariman Sahara. An so ya riƙa fitowa ba riga, ya ce wannan kam a'a. Sallarsa a tsakanin manyan motoci yake yi, a kan buhun dusa da ya shimfiɗa.

Bai ɓoye mini cewa ya ga abin da ba ya so ba. Akwai giwaye biyu a wajen, ba shi ke kula da su ba. Ya ce wuni suke a ɗaure da sarƙa suna kaɗa kai, kuma ya ga an doki ɗaya da ƙarfe har ta saki fitsari. Ya yi magana sau ɗaya, aka ce ya tsaya a kan raƙumansa. Daga baya, da masu kare haƙƙin dabbobi suka fara taruwa a ƙofar tanti da alluna suna ihu, har wata ta tofa masa yawu, ya ce bai iya jin haushinsu ba. "Rabin abin da suke faɗa gaskiya ne," in ji shi. "Ni dai na san ban taɓa ɗaga wa nawa sanda ba. Amma ina wajen."

A wani sanyi, a gonar da suke ajiye dabbobi kafin a koma yawo, wata taguwa ta haihu, ta ƙi 'yar. Da ta matso neman nono sai uwar ta harbe ta. Kawu ya ɗauke ta ya rufa mata tsohuwar kwat ɗinsa, ya riƙa ba ta madara a kwalba har ta miƙe. Ranar Talata aka haife ta, ya sa mata Talatu. Turawa sun ba ta wani suna na rubutawa a allon talla, amma ba ta amsawa, dole kowa ya koma kiranta Tali. Ta girma tana binsa kamar akuya. In ya shiga ɗakinsa mai taya sai ta zura kai ta taga. Da Hausa yake mata magana, ta gurfana, ta tashi, ta ja da baya, duk da Hausa.

A 1983 ya je gida ya auro Anti Luba, 'yar Gumel. Ita da bakinta ta ba ni labarin zuwanta, muna gyaran alayyafo a kicin.

"An ce mini mijina yana aiki a London. Na taho da akwatina da lallena, ina tunanin bene. Daga filin jirgi sai muka yi ta tafiya, gidaje suka ƙare, muka shiga daji. Ya buɗe mini wani akwati mai taya ya ce, bismilla. Ban gama zama ba sai ga kan raƙumi ta taga. Na ce, Malam, da raƙumi nake nema ai da ban bar Gumel ba."

Ta yi dariya. Ta ce ta gwada bin su yawo, amma da cikin Fa'iz ya tsufa ta ce ba za ta haihu a cikin taɓo ba. Da taimakon wata 'yar Najeriya da suka haɗu a masallaci aka samu flat ɗin Woolwich. Tun daga nan zamansu ya zama na rabin shekara. Ita kaɗai ta koyi hawa bas, ita kaɗai ta koyi Turancin asibiti da na makaranta. Yakan buga waya daga akwatin titi ranar Lahadi, yana magana tana jin ƙarar iska. Haihuwar Fa'iz yana can arewacin ƙasar, bai iso ba sai ana gobe suna. Ta Na'ima kuwa, an yi sunan ma bai zo ba, Talatu ce ta ci wani abu cikinta ya kumbura.

"Ban taɓa gaya masa ba," in ji Anti Luba, "amma ranar nan na yi kuka kamar uwata ce ta mutu. Maƙwabta na tambaya ina uban jaririya, ni kuma in ce musu me? Yana jinyar raƙumi?"

Na'ima, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta fi kowa tuna shi da daɗi. Takan ce idan ya dawo hutun sanyi gidan gaba ɗaya sai ya ɗauki warinsa, uwarsu ta ware kayansa a wanki daban. In ba ta da lafiya ba ya tambayarta ina ke ciwo, sai ya ja fatar idonta ya duba, ya sa kunne a cikinta, ya ce gobe za ta tashi. Ya taɓa ɗora ta tsakanin tozon Talatu biyu, ta ce kamar ta zauna a kujera mai numfashi.

Na Fa'iz daban ne. Yana ɗan firamare masu wasan suka kafa tanti a filin Woolwich, kusa da gida. Kawu ya yi murna, ya samo musu kujerun gaba. Ashe rabin 'yan ajin Fa'iz suna ciki. Suka ga babansa da jan wando da rawanin ƙyalli yana rusuna wa 'yan kallo. Daga Litinin sunan Fa'iz ya ɓata a makaranta, kowa Camel yake kiransa, wato raƙumi, ana toshe hanci in ya wuce. Ya yi dambe, aka dakatar da shi. Uban bai ji ba sai da ya dawo hutu. Ya yi wanka, ya sa kaftani mai kyau, ya je ƙofar makaranta ɗaukarsa. Fa'iz ya fito, ya gan shi, ya wuce ta gefensa kamar bai san shi ba. A gida ya ce masa, "Don't come to my school again." Kawu bai sake taka makarantar ba. Anti Luba ta ce daga ranar magana tsakaninsu ta koma gaisuwa.

A tsakiyar shekarun casa'in garuruwa da yawa suka daina ba masu wasa da dabbobi fili. Mista Hollis ya rasu, 'yarsa Maureen ta naɗe tantin. Ta tara sauran dabbobin a gonarsu da ke arewa da London, ta koma ba da hayarsu ga masu fim da masu talla, da kuma coci-coci lokacin Kirsimeti. Ban da raƙuma akwai jakuna, da hankaki, da wani tsohon biri. Kawu ya kula da duka, ban da karnuka da aladu, waɗanda Maureen ta ɗauke masa tun farko ba tare da ya roƙa ba.

Wannan lokacin ya fi masa sauƙi, don yana kwana gida mafi yawan mako. Yakan ba mu dariya da labarin fim. Ya ce za a je ramin da ake haƙar yashi, ana yayyafi, kowa na rawar sanyi, a kunna manyan fitilu a ce nan hamada ce. Shi kuma ya kwanta a ƙasa inda kyamara ba ta gani, da karas a hannu, yana yi wa Talatu raɗa ta juyo ko ta gurfana. Wani lokaci a yafa masa mayafi ya wuce ta bayan jarumi yana jan akala. Na'ima ta taɓa nuna mini ɗaya daga cikin fina-finan. Kafin in ce ga shi, har ya fice daga hoton. A wajen irin wannan aikin ne wani amale da aka aro daga wata gona ya kama shi a hannu ya ɗaga shi sama. Yatsunsa biyu na hagu ba su sake lanƙwasuwa ba.

Sai annobar dabbobi ta 2001 ta zo, ciwon baki da kofato. Aka hana fita da dabbobi daga gona zuwa ko'ina. Nasu ba su kamu ba, amma aiki ya tsaya cik na tsawon lokaci, kuma da aka buɗe bai dawo kamar da ba. Masu fim sun fara ƙera dabbobinsu a kwamfuta. Maureen ta yi ta jan abin har ta gaji. Ta sayar da gonar, ta rarraba dabbobin, wasu gidan zu, wasu wajen masu kiwo.

Talatu ce ba wanda ya karɓa. Ta tsufa, gwiwoyinta sun kumbura, in ta gurfana sai an taru a kanta kafin ta tashi. Likitan dabbobi ya ce doguwar tafiya a mota ma ba za ta iya ba, abin da ya fi shi ne a hutar da ita da allura.

Kawu ya samu Maureen ya ce ta bar shi ya yanka ta da kansa, ya ambaci sunan Allah a kanta, a raba naman. A wajensa dabba irin wannan ba ta cancanci ta tafi mushe ba. Maureen ta yi kuka ta ce doka ba za ta bari ba, ga kuma magungunan da aka daɗe ana ɗura mata.

"Gara da ta hana ni," ya ce mini. "Na faɗa ne kawai. Da ta miƙo mini wuƙar, hannuna ba zai tafi ba."

Da safe aka yi. Ya ba ta dabino da ya saya a kasuwar Woolwich, ya ce ta gurfana, ta gurfana da ƙyar. Ya zauna a ƙasa ya rungume wuyanta yana mata magana, likita ya yi abin da ya zo yi. Ya ce nauyin kanta ne ya gaya masa, don a hankali ya sauko kan cinyarsa har ƙafarsa ta mutu. Da motar da za ta ɗauke ta ta iso da ƙugiya da sarƙa, Maureen ta ja shi cikin gida don kada ya gani.

Anti Luba ta ce da la'asar ta dawo daga kasuwa ta same shi zaune a kan matakalar bene, da makullinsa a hannu, bai shiga ba. Ta tambaye shi lafiya, ya ce, "Luba, an gama." Ta ajiye ledojinta ta zauna kusa da shi. Ta ce shekara ashirin tana jin haushin dabbar nan, amma ranar ita ma ta yi hawaye, kuma har yau ba ta san ko don raƙumar ba ne ko don shi.

Bayan nan ya yi gadi a wani babban kanti a Stratford har ya yi ritaya. Lokacin da na zo, tsoho ne mai yawan shiru, mai tsabta, ba ya wuce jam'i. Duk inda muka bi ya ga kare a ɗaure a ƙofar shago sai ya tsaya nesa ya dube shi, ya ce wannan ƙishirwa yake ji. Fa'iz yana aikin kwamfuta a cikin gari, yana zaune da matarsa a unguwar Edmonton. Yakan zo da salla, ya durƙusa ya gaida uban, sauran hirar da uwarsa yake yi.

A 2017 Kawu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Jikin ya ɗan dawo, amma Turancinsa ya tafi gaba ɗaya, kamar an share. Hausa kaɗai ta rage, ita ma irin ta Maigatari ta yarintarsa. A lokacin ne Fa'iz ya fara zuwa duk mako. Shi ke yi masa aski, shi ke tura kekensa zuwa bakin kogi. Yana jin Hausa, amma ba ya iya mayarwa, uban kuma ya daina gane Turanci. Sai su zauna, ɗaya na magana ɗaya na gyaɗa kai.

Wata Lahadi ina nan, Fa'iz ya kira ni falo. Ya ce in gaya wa babansa cewa abin da ya yi masa a ƙofar makaranta yana damunsa har yau, ya yafe masa. Na durƙusa na faɗa wa Kawu da Hausa. Ya daɗe yana kallon ɗan nasa, sannan ya ce, "Wace makaranta?" Na sake bayani. Ya girgiza kai, bai tuna ba. Ya miƙa hannun nan mai sandararrun yatsu ya dafa kan Fa'iz, ya ce da ni, "Yaron nan ya rame. Ku ba shi abinci." Fa'iz ya ji wannan ba sai na fassara ba. Ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe bai fito ba.

Kawu ya rasu a watan Afrilun 2020, cikin annobar korona, a asibiti, lokacin da ba a barin kowa shiga. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ghana mai suna Hamdatu, wadda ke jin Hausa, ita ta riƙe masa waya muka yi sallama, ita kuma ta laƙƙana masa kalmar shahada. Ya sha faɗa cewa a kai shi Maigatari kusa da iyayensa, amma ba jirgi. A maƙabartar Musulmi ta gabashin London aka binne shi, da 'yan mutane kaɗan da aka yarda su je. Fa'iz ne ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Ba a yi zaman makoki ba, ta waya aka yi ta gaisuwa. Bayan 'yan kwanaki aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ce da sanda, ta ja baya ta tsaya a baranda da takunkumi a fuska. Maureen ce. Na'ima ce ta sanar da ita, ta sa jikanta ya tuƙo ta. Ita da Anti Luba ba su fi haɗuwa sau uku ba a rayuwa. Ta yi ta'aziyya, sannan ta ce akwai abin da take so ta tambaya. Tun tana budurwa Harry suke kiran Kawu, don ubanta ya ce sunan nasa ya yi tsawo, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Tana so ta ji yadda ake faɗin sunan daidai.

Anti Luba ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba tun da aka ɗaura musu aure. Ta dube ni, na buɗe baki zan faɗa, sai ta ɗaga mini hannu.

"Maharazu," ta ce.

Maureen ta gwada, ta kasa, ta sake gwadawa. Anti Luba ta maimaita mata a hankali har ta kama. Suka tsaya suna kallon juna daga nesa, ba halin riƙe hannu. Sannan tsohuwar ta juya ta sauka.

Da aka buɗe hanya, Anti Luba ta ce ita zaman London ya ishe ta. 'Ya'yan suka yi ta roƙo, ta ce ta yi musu abin da ya kawo ta. Muka kwashe kayan flat ɗin, aka mayar wa council makulli. Yanzu tana Gumel a gidan ƙaninta, tana kiwon 'yan awaki, tana kuka da zafi da rashin wuta. Na'ima na zuwa mata duk shekara. Fa'iz bai taɓa taka Najeriya ba tun yana jariri, amma ya ce mini ya yi booking ɗin jirgi na Disamba, shi da 'yarsa ta fari.